Ragunan da Aka Ce Kanwata Ta Kashe

Bana ruwan watan Mayu ya zo wa Paris bayan makonni uku ana rana, irin ruwan nan mai ɗumi da ke sauka a hankali ya wuni yana yi. Da gari ya waye na leƙa ta taga daga hawa na shida, sai na ga filin da ke tsakanin benayenmu a Clichy-sous-Bois ya yi kore shar. Rabin koren nan ciyawa ce mai ganye uku-uku, wadda Faransawa ke kira tirefil. Maƙwabtana suna cewa ta ƙawata wurin. Ni kuwa in na gan ta jiƙe da ruwa, sai in kawar da kai.

A cikin makon ne kuma Injiniya Laminu ya aiko da saƙon murya a zauren waya na 'yan Nijar mazauna Lyon, wanda har yau ban fita ba, ko da yake na bar garin shekara goma sha tara ke nan. Ya ce Allah ya kira shi aikin Hajji, yana roƙon duk wanda ya taɓa ɓata wa rai, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe masa. Kafin azahar amsoshi sun cika waya. Na yafe, na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a sa mu a addu'a. Na saurari kowanne ina yankan kuɓewa, ban tura tawa amsar ba. Shekara ashirin da biyu ina jiran mutumin nan ya buƙaci wani abu a hannuna. Akwai magana ɗaya da nake so ta fito daga bakinsa, a kunnen mutanen da ya yi wa ƙarya a kaina, kuma na rantse sai ta fito.

Lokacin da abin ya faru shekarata biyu kacal a Faransa. Mijina, Malam Isufu, yana aikin lodin kaya a gefen Lyon, ni ina gida, Faransancina bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba. A shekarun nan Babbar Sallah cikin hunturu take faɗowa, kuma kowace shekara sai an yi ta mita a kan ragon layya: a kawo maka nama a leda, na dabbar da ba ka taɓa ganin idonta ba. Sai ƙungiyarmu ta ce mu sayi 'yan raguna da aka yaye, mu yi kiwonsu da hannunmu har Sallah. Laminu shi ne shugaba. Injiniyan gine-gine ne, amma a ganinsa takardarsa ta haɗa har da tumaki da girki da rainon yara. Shi ya samo wani tsohon manomi mai suna Marsel a tsaunukan yamma da Lyon, tafiyar awa guda a mota. Ƙugu ya fara gagarar tsohon, ya rabu da yawancin garkensa, filaye suna zaune. Aka shirya shi zai duba ragunan ranakun aiki, Asabar da Lahadi kuma gida biyu-biyu daga cikinmu za su riƙa zuwa.

Raguna ashirin da shida aka sauke a watan Afirilu. Ranar da na fara shiga garken, warinsu ya bugi hancina, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ni 'yar Dakoro ce, uwata kuma ta yi suna da kiwon ragon turke. Tun ina ƙarama nake jiƙa dusa, ina jera harawa a kan rumfa, ina koyon yadda ake danna bayan rago da yatsu a ji ko nama ya rufe ƙashi. Shekara biyu ina zaune a bene kamar wadda ba ta iya komai ba, sai ga abin da na fi kowa iyawa.

Filayen Marsel uku ne. Na sama tudu ne mai duwatsu, ciyawarsa mai kaushi ce, fetuk yake ce mata, in ta tsufa tana yankan yatsa kamar gamba. Na tsakiya ciyawarsa laushi gare ta, tana sheƙi, kuma tirefil ya sarƙe cikinta. Na ƙasa yana bakin ƙorama, shi kusan tirefil ne zalla, ƙofarsa a ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Ba ma jin maganar juna ni da tsohon, amma ranar farko ya ja ni bakin ƙofar nan, ya nuna ciyawar, ya kumbura kumatunsa, ya bubbuga gefen cikinsa na hagu, sannan ya karyar da wuya ya zaro harshe. Na yi dariya na gyaɗa kai. Ai na sani. Tirefil ɗan'uwan wake ne da gadagi, yana sa nama fiye da kowace ciyawa, amma in dabba mai yunwa ta cika ciki da shi yana ɗanye sharaf da raɓa, iska ce za ta tokare ta. Dokar Marsel da ta uwata ɗaya ce. A fara ba su busasshe su rage yunwa, a jira rana ta shanye raɓa, sannan a bar su su ɗan taɓa ɗanyen, gobe a ƙara kaɗan.

Da farko tsohon ya raba ragunan biyu don kada su cinye fili ɗaya. Kafin wata biyu bambancin ya fito ƙarara. Waɗanda ke filin tsakiya, inda ciyawa da tirefil suka haɗu, bayansu ya cika, in ka danna sai ka nemi ƙashi. Na tudu kuwa ƙafa suka yi da tumbi, suna wuni suna tauna amma ba ya zama nama, musamman da ciyawar ta fitar da kai ta yi tauri. Na nuna wa Marsel da hannu cewa a musanya su. Ya dube ni, ya danna bayan rago ɗaya, ya danna na wani, sai ya juya ya faɗa wa mazan wata magana yana nuna ni. Kowa ya yi dariyar jin daɗi, Isufu har yana gyara hula. Laminu kaɗai bai yi ba.

Duk Asabar da na je ina jiƙa musu kanwa, 'yar kaɗan kamar girman goro, a cikin kwamin ruwa tare da dusa, yadda ake yi a gidanmu don dabba ta ji daɗin ci. Marsel ya taɓa lasa, ya ɗaga gira, ya nuna mini dutsen gishirin da shi yake ba su. Laminu kuwa kullum sai ya tanka.

"Madam Isuhu, nan hwa ba Dakoro ba ne. Nan akwai kimiyya."

"To, Injiniya," nakan ce, ina ci gaba da damawa.

Daga watan Yuni ruwa ya ɗauke. Ban taɓa zaton ƙasar Turawa tana da irin wannan zafi ba. Namu na gida yana da iska, wannan kuwa ya zauna a kan gari ya ƙi motsi, bango yana huci, Isufu yana shimfiɗa jiƙaƙƙen zane a kan siminti ya kwanta. A gona ciyawa mai laushin ce ta fara mutuwa, ta yi ja, ta kwanta. Tirefil ya ƙanƙance ya manne a ƙasa kamar babu shi. Fetuk ta tsaya da taurin kanta, amma ragunan shinshina ta kawai suke yi su wuce. Ƙorama ta koma zare. Tun watan Yuli Marsel ya fara buɗe busasshiyar ciyawar da ya ajiye don hunturu, yana buɗewa yana ƙunƙuni.

Mun yi aiki a lokacin, ba zan ɓoye ba, kuma mun yi shi tare. Asabar tun da safe ake cika motoci da bido-bido, wato jarkokin ruwa. Maza su hau wasu dogayen itatuwa da ke kan iyaka su sassaro rassa masu ganye, mu mata mu ja zuwa garke, ragunan su yi caa a kai, sai in tuna yadda awakinmu ke rububin 'ya'yan gawo da rani. Cikin mako muna bi gidajen burodi muna karɓar wanda ya bushe, muna tara ɓawon dankali da na karas. Da rana a zauna a inuwar rumbun Marsel a ci tuwon semul, na tsakin alkama, da miyar kuka, gumi yana ɗiga cikin kwano, ƙudaje suna taya mu. Tsohon ya koyi cin tuwo da hannu, yaji yana sa shi hawaye yana ƙara miƙo kwano.

Duk da haka ragunan ramewa suka yi ta yi. Naman da suka tara a watan Mayu ya zube, ƙugunsu ya fito, kukansu ma ya canza, ya zama siriri. Mutane suka fara yi wa Laminu ba'a. Wani ya ce a Sallah sai dai a yi layya da ƙaho, wani ya tambaye shi ko injiniyan ramar da tumaki ne. Yana dariya, amma na ga abin yana cinsa, don mutum ne da ya fi son a zage shi da a raina shi.

Ƙarshen watan Agusta aka kwantar da Marsel asibiti don a yi masa aiki a ƙugu. Ina tsaye ya miƙa wa Laminu makullai. Ya ware ƙaramin na kwaɗon filin ƙasa, ya ɗaga shi, ya girgiza yatsa, ya yi dogon bayani. Laminu yana cewa wi, wi, dakor, wato ya ji ya yarda. Wani maƙwabci ne zai riƙa zuba musu ciyawa da ruwa ranakun aiki.

Sai ruwa ya zo a farkon Satumba, kwana uku ana yi. Ƙamshin ƙasar nan har cikin bene. Asabar ta biyu bayan ruwan, layin zuwa gona ya zo kanmu, mu da gidan Laminu, amma aka kira Isufu aiki, don haka na bi Laminu da matarsa Tsahara a mota. An ƙara yayyafi da asuba. Muna hawa tudun na hango filin ƙasa, sai da na ce Allahu Akbar. Tirefil ya tashi ya rufe ko'ina, matashi, mai taushi, ruwa yana ƙyalli a kan kowane ganye. Mu mutanen ƙasar fari ba ma iya ganin kore irin wannan mu ɗauke ido. An haife mu muna jiran sa, kuma a wurinmu barin dabba da yunwa ga kore a gabanta kamar butulci ne ga Allah. Ni kaina zuciyata ta ja ni.

Ragunan suna jikin shinge, sun tura kawunansu ta waya suna kuka. Wurin cinsu fayau, maƙwabcin bai zuba musu isasshe ba. Na yi sauri na jiƙa dusa da kanwa a kwami, na nufi rumbu in ɗauko busasshiyar ciyawa. Ina fitowa da ita a kai na ga Laminu a bakin ƙofar filin ƙasa, ƙaramin makullin a hannunsa.

"Injiniya, don Allah kar ka buɗe! Bari su ci busasshe tukuna, rana ta hito."

"Kina jin kukansu kuwa? Wata uku suna yunwa, ga abinci Allah ya kawo, ki ce a ba su kara?"

"Cikinsu babu komi, kuma hakin jiƙe shike. Kumbura za su yi. Tsoho ma ya hana."

"Tsoho da ni ya yi magana ko da ke? Mi kinka ji a ciki?" Ya juya ga matarsa yana murmushi. "Tsahara, yau mun samu likitar dabbobi."

Ya zare sarƙar. Ragunan suka bi ta gefensa a guje, ko kallon kwamin ba su yi ba.

Na bi su ina kora, amma wa zai kori raguna ashirin da shida masu yunwa daga cikin irin wannan? Ka kori uku, biyar su dawo. Laminu ya jingina da shinge yana kallonsu suna ci, har da cewa in saurari yadda suke yagar ganye. Ba a yi awa biyu ba na ga na farko ya daina ci. Ya tsaya ya buɗe ƙafafu, ya miƙa wuya, yana numfashi da baki. Gefensa na hagu ya tashi, da na buga sai ya yi ƙara kamar ganga. Ina juyawa na ga wani, na ga wani.

Man gyaɗar da na kawo don girkin rana na ɗauko, butali ɗaya. Tsahara ta riƙe mini kai, ina ɗura musu ɗaya bayan ɗaya, muna tsayar da su gaba a tudu baya a gangare, ina murza cikin da dukkan ƙarfina har iskar ta fito da wani irin wari mai tsami. Waɗanda na kai gare su sun tashi. Man ya ƙare ban kai ga sauran ba. Suka riƙa faɗuwa suna shure-shure, idanu a waje, harshe ya yi baƙi.

"Injiniya, ga wuƙa! Ka yanka su kar su yi mushe!"

Ya tsaya kamar an dasa shi, yana cewa doka ta hana yanka a gona. Wuƙar tana hannuna, amma tunda nake ban taɓa ganin mace ta yi yanka ba, hannuna ya ƙi. Sai bayan shekaru wani malami ya gaya mini da na yanka da sun halatta. Tara ne suka mutu a gabana.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ban manta ba. Mutumin da ya kasa ɗaga wuƙa, sai ga shi da ƙarfin ɗora gawarwaki a baro yana hawa da su farfajiya ɗaya-ɗaya. Ya koro masu rai, ya mayar da sarƙa, ya danna kwaɗo. Sannan ya je kwamin nan da ke cike, wanda ko rago ɗaya bai sa wa baki ba, ya kifar da shi. A lokacin ban gane dalili ba, hankalina yana kan masu numfashi. Da likitan dabbobi ya zo ya farke cikin ɗaya, koren kumfa ya tumbatso. Ya yi magana da Laminu mai tsawo. Ban ji Faransancin ba, amma na ji sunan tirefil ya fito daga bakinsa fiye da sau ɗaya.

Lahadin makon da ya biyo baya aka kira taro a falon Laminu, maza a kujeru, mu mata a ƙasa ta wajen ƙofar madafa. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya kamar mutane ne suka mutu. Ya ce likita ya tabbatar kumfa ce ta cika cikin ragunan ta toshe su. Sai ya ce ba ya son ya zargi kowa, zai nuna abu ne kawai, kowa ya yi hukunci da idonsa. Ya ɗauko kofin gilashi ya zuba binegar, ruwan tsamin nan na girki. Ya zaro ƙullin kanwa daga aljihu, tawa ce, wadda na bari a rumbun Marsel. Ya jefa gutsure. Kofin ya yi fuuu, kumfa ta taso ta zubo a kan tebur.

Falon ya ɗauki salati.

Na miƙe tsaye. Na ce wata biyar suna shan kanwar nan lafiya, na ce ranar ma ba su sha ba, na ce a tambayi wanda ya buɗe ƙofa. Wani dattijo bai ko dube ni ba, ya ce, "Isuhu, ka yi ma iyalinka magana." Na juya wajen Tsahara, wadda ta riƙe mini kawunan raguna da hannunta. Ta sunkuyar da kai tana tsinkar zaren darduma.

Sai Isufu ya tashi. Na ɗauka zai tsaya mini. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Da kyakkyawar niyya ta yi, rashin sani ne." Wallahi da ya mare ni a gaban mutanen nan da ya fi mini sauƙi.

A hanyar gida na rantse masa da duk abin da na sani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, "Habsu, na ga kumhwar nan da idona. A bar maganar, Allah ya riga ya ƙaddara." Ba mugunta ya yi ba. Ya yafe mini ne, da zuciya ɗaya, laifin da ban yi ba, kuma ba a san yadda ake faɗa da wanda ya yafe maka ba.

Marsel bai koma gonar ba, daga asibiti 'yarsa ta wuce da shi garinsu. Aka kwashe sauran ragunan zuwa wani wuri, aka ce kada in ƙara zuwa. Sallar nan gida tara ba su yi layya ba, har da namu. Sunana ya koma Mai Kanwa. In na kai abinci wajen suna sai wata ta ɗaga murfi ta ce, "Ba dai kin sa mana ba ko?" a kwashe da dariya. Labari ya kai Dakoro, uwata ta aiko tana tambaya ko a kan tukunya na koyi awon kanwa. Bayan shekara uku Isufu ya samu aiki a kasuwar Rungis muka dawo Paris. Na koyi Faransanci, na kama sana'ar dafa abincin suna da biki, 'ya'yana suka girma ba su taɓa shafa bayan rago mai rai ba. Yanzu ta waya ake zaɓen na layya, a je a karɓo shi a kwali, ba wanda ke tambayar wace ciyawa ya ci.

Isufu ya rasu shekara uku da suka wuce, muka kai shi gida aka binne. A kwanakinsa na ƙarshe na kai masa kunu asibiti, ya karɓa, ya yi murmushi ya ce, "Ba kanwa dai ko?" Tsokana ce ta ƙauna, na sani. Na yi masa dariya, sannan na fita baranda na kama ƙarfe na riƙe.

Kwana uku da saƙon Laminu wayata ta yi ƙara. Muryarsa ta tsufa. Muka gaisa, gida, yara, jiki, ruwa.

"Hajiya Habsu, kowa ya amsa, ke kaɗai ban ji ba."

"Mi ka yi min da zan yahe, Injiniya?"

"Ai ɗan Adam... zama tare, ba a rasa ba."

"Ni ba ni yahe abin da ba shi da suna. In kana so, ka san hanyar Paris."

Asabar suka zo a jirgin ƙasa shi da Tsahara. Yana dogara sanda, wuyansa ya yi wa rigarsa kaɗan. Na ɗauka ganinsa haka zai sanyaya ni. Bai sanyaya ni ba ko kaɗan. Na ba su ruwa, na ba su abinci, don ba a gidana za a ce baƙo ya zauna da yunwa ba. Da suka wanke hannu na ajiye wayata a gabansa don ya yi saƙon murya.

"A gaban jama'a ka yi ta, a gabansu za ka warware. Ka hwaɗi wanda ya buɗe ƙohwa, da wanda ya kihe kwami, da abin da likita ya ce."

"Haba Hajiya, maganar shekara ashirin? Rabin mutanen ma sun rasu. Ni nan, tsakanina da ke, na amsa. Ban kyauta ba."

"Kohin binegar ɗin tsakanina da kai ka zuba shi?"

Ya ce yana da surukai a zauren nan, yana da jikoki. Na ce ni ma a lokacin ina da uwa. Ya kama sanda kamar zai tashi, ni kuma ban ce ya zauna ba. Tsahara ce ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, ka hwaɗa. Ni ma na gaji da ɗaukar ta. In ba ka hwaɗa ba ni zan hwaɗa, kana cikin jirgi."

Sau biyu yana farawa yana kewaye-kewaye, ina gogewa. Na uku ya faɗa tiryan-tiryan. Ya ce shi ya buɗe, na hana shi ya ƙi ji. Ya ce ragunan ba su sha kanwa ba ranar, shi ya zubar. Ya ce likita ciyawar ya ambata, kuma waɗanda suka rayu man gyaɗata ne ya tashe su. Ya ce ya ji tsoron a raina shi ne. Na saurara daga farko har ƙarshe, sannan na tura zauren da yatsana. Ba a yi minti biyar ba wayar ta fara kuka. Salati, innalillahi, sunana na gaskiya a bakin mutanen da suka manta ina da shi. Wadda ta fi kowa ɗaga murfin tukunyata ita ta fara kira. Ban ɗauka ba. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na ji shi har cikin ƙashina.

Laminu ya share fuska da hula. "To, Hajiya. Na yi."

"Ka yi. Na yahe maka ragunan. Na yahe maka sunana, tunda ka maido shi. Amma akwai mutum guda da nike so shi ji saƙon ga, kuma ba shi cikin waya. Ya tahi shina ganin ni na kashe su. Wannan ban yahe ba, Injiniya, kuma ba zan ce na yahe ba don ka samu barci a jirgi. Ka tahi da shi can Hajji ka kai ma Allah, Mai shi."

Tsahara ta fashe da kuka. Shi kuwa ya daɗe yana kallon sandarsa kafin ya iya miƙewa. Na yi musu Allah ya kiyaye hanya daga inda nake zaune, ban raka su ko bakin ƙofa ba. Da na ji asansar, lif ɗin benenmu, ta sauka da su, na tashi na ɗora wayar a hannun kujerar da Isufu ke zama in ya dawo daga aiki. Na ƙure murya, na sake kunna saƙon daga farko.